Biri da Ɗanyen Takin Giwa

Ga ta nan ta iso gare ku!

Ta shigo mu ji ta!

Biri ya dasa tumatir don ciyar da 'ya'yansa, amma ya ƙosa ya ga ya girma. Sai ya roƙi Giwa ta zo lambunsa ta yi kashi.

Maƙwabcinsa Kunkuru ya ce, "Malam Biri, ɗanyen taki ƙona shuka yake yi. Bari ya ruɓe tukuna, ka barbaɗa kaɗan-kaɗan."

Biri ya ce, "Kai komai naka sai jira!"

Giwa ta juya baya ta jibga masa tuli guda. Ba a daɗe ba shuka ta ƙone ƙurmus.

Biri na cikin kuka Giwa ta leƙo, ta ce, "Maigida, yau ma cikina cike yake. Ina zan sauke?"

Ƙurunƙus kan ƙadangaren lambu!