Kwalbar da Murfinta Ya Tsage

Akwai wani mai lambu, sunan garinsu ya kwanta mini, wanda yake da wata ciyawar ado mai farin kai. In iska ta kaɗa ta, sai ka ce garken tumaki ne yake gangarowa daga tudu. Ba ta yin iri, gindi ɗaya kuma ya rage masa, shi ma yana bushewa.

Sai ya yanki ɗan tohonta, bai kai ƙwayar gero ba, ya wanke shi, ya sa a kwalba bisa wani abinci mai kauri kamar kamu, ya rufe ruf. Toho ya yi 'ya'ya, ya raba su cikin waɗansu kwalabe, har ɗaki ya cika. A cikin kwalaben ba iska, ba ƙwaro, ba ƙishi. Yakan zauna yana kallonsu, a ransa yana ganin fili fari fat yana rausaya.

Ana nan, murfin kwalba ɗaya ya tsage. Iska ta riƙa shiga, tsiron ya tsumbure, ganyensa ya yi kaushi. Mutumin ya ɗauka zai yar.

Matarsa ta ce, “Maigida, bar shi mana. Tuwonka yake ci?”

Ya ce, “To, naki ne, tun da kina son mummuna.”

Da abincin kwalabe ya ƙare, ya dasa tsire-tsiren duka a lambu. Kafin rana ta yi tsaka, kyawawan nan sun kwanta kamar dafaffiyar rama, gama ba su taɓa sanin iska ba. Mummunan nan kaɗai ya tsaya. Da ba dominsa ba, da ciyawar ta ƙare ke nan.

Ma'anar wannan misali ita ce: tsiron nan bangaskiya ce, kwalba kuwa gida ne da ikkilisiya, inda ake renonta tana ƙarama. Wurin yana da kyau, amma ba domin kwalba aka yi ciyawa ba. Tsagar murfin ita ce gwajin da Ubangiji yakan bari ya shigo kaɗan kaɗan: rashin lafiya, ba'ar abokai, addu'ar da amsarta ta jinkirta.

Ku iyaye, kuna toshe wa 'ya'yanku kowace kafa saboda ƙauna. Ku bar musu 'yar tsaga tun kuna kusa, gama ranar dashe tana zuwa, ba ku ne kuwa za ku tare musu rana ba.