Goron Gayyatar Makiyayin Hadari

A wani zamani mai tsawo da ya shuɗe, a can bayan tsaunuka bakwai, an yi wani sarki mai suna Tunau, wanda ya mallaki birnin Zangarma da ƙauyukanta, da ingarmu da rigunan alharini waɗanda lissafa su sai a yini. Amma duk wannan daula ba ta hana shi ramewa ba, domin shekara biyu a jere ruwan farko yana yaudarar mutanensa. Hadari ya taso a ƙarshen bazara, bokan fada ya leƙa ƙwaryarsa ya ce a shuka, a shuka, sai rana ta buɗe ta soye irin a cikin ƙasa. Yanzu rumbu ɗaya tak na iri ya rage a ƙasar, ga gabas ta soma yin baƙi.

Sarki ya tara fada ya ce, "Ya ku jama'ata, in muka yi kuskure bana, Zangarma ta zama kufai. Wa zai je wurin Gurmuzu, aljanin da ke kiwon gizagizai a ƙolin Dutsen Tsawa, ya jiyo mana yadda kwana bakwai masu zuwa za su kasance?"

Jarumawa suka sunkuyar da kai, don kowa ya san Gurmuzu ya yi rantsuwa ba zai taɓa faɗa wa bil'adama ranar ruwa ba. Sai Jatau wanzamin fada, wani gwauro mai baki kamar askarsa, ya miƙe ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, a ba ni goro ƙwarya guda kawai." Fada ta ɗauki dariya. Gimbiya Yalwa kuwa, 'yar sarki, bazawarar da ta kori 'ya'yan sarakuna bakwai, wadda ba mai sa ta dariya sai Jatau, ta aiko masa da buzun kakanta mai tashi sama.

Jatau ya hau, buzu ya cilla da shi. Ya ratsa guguwar da ta kwance masa rawani, ya wuce ta tsakanin walƙiya biyu har gemunsa ya yi ƙauri, ya dira a ƙolin dutse. Ga gizagizai kwance a turke kamar shanu, baƙaƙe da farare, ga Gurmuzu tsaye, tsawonsa ya fi rimi.

Aljani ya daka tsawa ya ce, "Ya kai ɗan Adam, in tambayar ruwa ta kawo ka, koma tun da sauran numfashinka!"

Jatau ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, ni da ruwa me ya haɗa mu? Wanzami ne ni. Goron ɗaurin aurena da Gimbiya Yalwa na kawo maka, kuma ba za a sa rana ba sai wadda kake da sukuni."

Shekara dubu ba wanda ya taɓa gayyatar Gurmuzu ko bikin suna. Ya karɓi goro yana washe baki. To, wanda ya karɓi goro kuwa, in ba zai zo ba dole ya faɗi uzurinsa.

Jatau ya ce, "Gobe Asabar fa?"

"Kayya, da la'asar zan fita da maruƙa su miƙe ƙafa. Ƙara ce da iska kawai, ba za su jima ba."

"Lahadi?"

"Zaune nake."

"Af, na manta, ran nan amarya ke kitso. Litinin lalle. Talata ma ba ta yi ba, tela bai gama rigata ba."

"Duk zaune nake, har Laraba!"

"Alhamis fa, ranka ya daɗe?"

"Kul! Ran nan da izinin Ubangiji zan kora garken gaba ɗaya, bijimai da shanu, tun azahar. Juma'a ma haka, sai ƙasa ta sha kamu guda."

Jatau ya ji kamar ya taka rawa, ya danne. Ya ce, "To Laraba ke nan."

Ya iso fada yana ihu tun daga sama: "Kada a taɓa rumbu! Gobe hadari da iska, a danne jinka da duwatsu, amma kada wanda ya shuka! Kwana huɗu rana! Alhamis ruwa, Juma'a ruwa!" Sa'an nan ya matsa kusa da karaga ya rage murya, ya ce akwai kuma wata 'yar magana game da ranar Laraba.

Da sarki ya ji ta, ya miƙe tsaye rawaninsa na rawa. "Kai wanzami! 'Yata ka bayar da goronta ban sani ba?"

Gimbiya ta yi magana daga bayan labule: "Baba, a jira gobe. In maganarsa ta tabbata, ni na yarda. In kuwa ta tashi a banza, da askarsa zan aske masa gira."

Ranar Asabar da la'asar gari ya yi duhu, tsawa ta girgiza ganuwa, ruwa ya ɗan zuba. Manoma suka rugo ƙofar rumbu da sungumi, boka na gaba yana cewa a buɗe. Jatau ya tona ƙasa da yatsa a gaban sarki. Gaɓar yatsa ɗaya, sai ga busasshiyar ƙura. Sarki ya sa dogarai suka tsare ƙofa. Washegari rana ta fito kamar wuta, ta yi kwana huɗu ba ko ɗigo.

Ranar Laraba aka ɗaura aure. Gurmuzu ya zo cikin siffar dattijo, ya cinye akushi arba'in, ya yi sallama da wuri yana cewa yana da aiki gobe. Alhamis da azahar kuwa sama ta tsage, ruwa kamar da bakin ƙwarya, yara da tsofaffi suka fito suna tsalle a cikinsa.

Da safiyar Juma'a aka buɗe rumbu. Ango bai samu zaman ɗaki ba, yana gaba yana sara da sungumi, amarya na biye tana jefa iri tana takewa.

Ta ce, "Malam Jatau, layinka ya karkace."

Ya ce, "Ranki ya daɗe, ai waiwaye ne ya yi mini yawa."