Zanen da Aka Cusa a Cikin Ganga

An yi wani mutum a ƙauyen nan namu na gindin dutse. Ba zan kama sunansa ba. Manyanku sun san shi, yaranku kuwa sunan ba zai amfane su da komai ba.

Sana'arsa ɗibar yashi. Kun san duk sa'ad da dutsen nan ya yi aman wuta yakan bar mana baƙin yashi a kwarin rafi, wanda magina ke rububinsa. Mutumin yana da tifa biyu da ma'aikata goma sha ɗaya. Allah ya rufa masa asiri, amma zuciyarsa ba ta san ƙoshi ba.

Can sama, inda kwarin ya tsuke, akwai rumfar Mbah Wiryo, wato Kaka Wiryo, tsohon da gari ya ɗora wa amanar gadi. A rumfar aka rataye kentongan, gangarmu ta kututturen itace da aka fafe. Idan ruwa ya sauka a ƙolin dutse, ko da rana ake ƙwallawa a nan ƙasa, laka da duwatsu kan gangaro ta kwarin. Da tsoho ya hango sai ya hau bugu ba ƙaƙƙautawa, kowa ya yar da shebur ya haye gaɓa.

A damina guda ya buga sau shida. Sau biyar ruwan bai kai gwiwa ba. Mutumin ya hau rumfa yana huci, yana ɗaga murya, don tsohon kunnensa ya yi nauyi.

"Mbah, ko atishawa dutsen nan ya yi sai ka kore min ma'aikata? Kunne ya tafi, ido ma ya bi shi ne?"

Tsoho ya ce, "Ɗana, abin da ido ya gani shi hannu ke faɗa. Zage ni da ranka, na yafe."

Ranar Juma'a Mbah Wiryo ya sauko masallaci. Mutumin ya zare wani tsohon zanen matarsa Sumirah daga igiyar shanya, ya jiƙa shi, ya hau rumfa ya cusa shi cikin ganga har ƙasa. Ya ƙwanƙwasa, ya ji kamar ana dukan katifa. Sannan ya sauko ya shiga sahun farko. A bayana ya tsaya ina limanci, ya 'yan uwa! Na ji amin ɗinsa da kunnena.

Me ya gaya wa kansa? Cewa ai ba kashe kowa ya yi ba, tsumma kawai ya ajiye. Haka Shaiɗan ke sayar da zunubi, ƙanana-ƙanana.

Bayan kwana uku, da tsakar rana, sama garau. Mutumin ya bi tifa ɗaya zuwa gari. Sumirah ta sauka kwari da kwandonta, shinkafa ƙunshe a ganyen ayaba, abincin ma'aikata kamar kullum. A ƙolin dutse kuwa ruwa ake kamar da bakin ƙwarya.

Mbah Wiryo ya hango laka tafe. Ya buga, ya buga, har tafin hannunsa ya tsage. Shi a zatonsa duk kwarin ya ɗauka, tunda dama ba ya jin gangarsa sosai. A ƙasa kuwa mutane na zaune suna kwance ganyen ayaba.

Mutum bakwai laka ta tafi da su. Mun tono shida. Sumirah har yau tana ƙarƙashin yashin nan, ba wanda ya san wurin.

Jama'a suka hau rumfa za su cinye tsoho ɗanye.

"Barci ka yi! Ka kashe mana 'ya'ya!"

Hannuwansa kawai ya buɗe musu. Wani ya ɗauki sanda ya doki ganga, ba ta amsa ba. Ya zura hannu, ya jawo zane ruwan ƙasa mai zanen tsuntsaye. Mata suka ɗora hannu a ka, don babu wadda ba ta san mai shi ba.

Hukuma ta ɗaure mijin Sumirah, ya yi shekarunsa ya fito. Ba wanda ya kore shi, ba kuma wanda ke amsa sallamarsa da sakin fuska. Wata rana ya zo mini, ni Kiai, limaminku, da zanen a naɗe.

"Kiai, a yi masa wanka, a sallace shi, a binne. Shi kaɗai ya rage min nata."

Na ce, "Ba a sallatar zane."

Ya rungume zanen. Ƙofar tuba a buɗe take, na faɗa masa, amma tuba ba ta tono wanda laka ta binne. Daga baya, da zanen nan a ƙirjinsa aka tsinci gawarsa a bakin kwari.

Ya 'yan uwa, gargaɗi amana ce ta gari duka, kuma Allah ya hana mu cin amana. Yau jiniya muke da ita, ina kuma jin gunaguninku duk ranar da ta yi kuka laka ba ta zo ba. Wane ne cikinku ya san wanda zai kasance a kwari ranar da za ta zo? Mutumin nan ma bai sani ba, da hannunsa ya zaɓi zanen.

Allah ya jiƙan bakwai ɗin nan. Allah ya kiyaye mu da toshe bakin mai yi mana gargaɗi.