Muryar da Ke Bayan Bango a Toledo

Akwai wani mutum a Madrid mai suna Eusebio. Shekarar da abin ya faru ta kwanta mini, jama'a, tsufa ya fara yi mini sata. Amma abin da ya rage a kaina, ga shi.

Yayarsa Casilda ce ta raine shi bayan rasuwar iyayensu. Da wankau da guga ta kai shi jami'a. Da ya samu babban aiki, sai ya rinƙa gaya wa mutane cewa shi ɗan alƙali ne, kuma shi kaɗai aka haifa. Ita kuwa ta shiga gidan sistocin coci masu kulle a Toledo. Shekara goma sha tara, ko wasiƙa bai aika ba.

Wata Asabar ya raka maigidansa, Don Fermín, yawon wuni ɗaya a Toledo. Suka ga tsohuwar gada da babban coci, suka sha hotuna. Sai Don Fermín ya ce, "In na koma ba alewar sistoci, uwargida waje za ta kwanar da ni. Mu je."

Eusebio ya san gidan da yayarsa take ciki ke nan, amma ya bi.

Sistocin ba sa nuna fuska. Wani akwatin katako ne mai juyawa a jikin bango: ka faɗi abin da kake so, a juyo maka.

Eusebio ya rage murya. "Kwali biyu."

Sai wata murya daga bayan bango ta ce, "Auta? Kai ne?"

Don Fermín ya tuntsire da dariya. "Kai, ɗan alƙali! Har a gidan kulle ka ajiye budurwa?"

Eusebio ya san muryar sarai. Ya ce, "Baiwar Allah, kin yi makuwa. A hanzarta, jirgi zai bar mu."

Akwatin ya juyo da kwali uku.

"Na ukun na wanda na zata ne," in ji muryar. "In ka gamu da shi, ka ce yayarsa ba ta riƙe shi da komai ba."

A kujerar jirgin ƙasa ya bar kwali na ukun.

Abin ya ci gaba da cin ransa. Dab da Kirsimeti ya dawo shi kaɗai, ya ƙwanƙwasa katakon.

"Yaya, ni ne."

Wata baƙuwar murya ta amsa, "Sista Casilda kake nema? Ai tun kaka muka binne ta."

Ya kifa goshi a katakon, ya daɗe a tsaye, masu sayen alewa na jiran ya matsa.

Da yake ban yarda da ƙwaƙwalwata ba, daga baya na je na tambayi shugabar gidan. Ta tabbatar mini cewa tsaron akwatin karɓa-karɓa ake yi, amma Casilda ta roƙa aka bar mata shi. Shekara goma sha tara tana sauraron muryoyin baƙi, tana jiran guda ɗaya.

Darasi: Kada kunyar idon mutane ta sa ka musanta wanda ya ɗauke ka a baya. In yana raye, neme shi yau, gobe ba taka ba ce. Ku tura wa 'yan'uwa, ko wani zai tuna da tasa yayar.