Lasifikan Marigayi Aristides da Ɗakin Maƙwabci

Akwai wata mata a unguwar Mooca ta birnin São Paulo a ƙasar Brazil, ana ce mata Dona Zuleide. A can, Dona laƙabin girmamawa ne na mata, Seu kuma na maza. Mijinta Seu Aristides kafinta ne. Ya rasu bara, ya bar mata ɗa guda, Fabrício, da wasu lasifika biyu da suka kusa kai tsayin firji.

Da hannunsa ya ƙera su tun yana saurayi. Irin na da ne, waɗanda ba a ajiyewa a tsakar ɗaki. Sai an tura kowanne cikin kusurwa ya manne da bango, domin bangon ne ke ƙarasa musu bakin da sauti ke fitowa. In suna aiki, ɗakin gaba ɗaya ke waƙa. Matsalar kawai, wanda ke bayan bangon ba waƙa yake ji ba, girgiza yake ji.

Duk shekara marigayin yakan kai su baje kolin kayan sauti da ake yi a wani otal, inda ake fitar da gadaje a jera kujeru, kowane mai kaya da ɗakinsa. Bana ƙungiyar tsofaffin abokansa ta kama ɗaki da sunansa. Aka tsayar da yammacin Asabar, za su taru su saurari lasifikan karo na ƙarshe, su tuna da shi.

Dona Zuleide ba ta da wani buri da ya wuce wannan zama. So take a ambaci sunan mijinta da alheri, a tashi lafiya. Tun ana saura mako take cikin fargaba.

Masu baje kolin suna da wata al'ada da ba a rubuta ko'ina ba. Ɗakuna biyu da suka haɗa bango sukan raba awa: rabin farko naka, ka saki sauti yadda kake so, rabi na biyu na maƙwabci, ka yi shiru. Seu Aristides bai taɓa karya ta ba. Da lokacin maƙwabci ya yi sai ya kashe tsohuwar amfilifayarsa, na'urar da ke ba lasifika ƙarfi, ta huta, matarsa ta zagaya da kofi da burodin cuku, a yi ta hira ƙasa-ƙasa.

Maƙwabcinsu na bana wani dattijo ne siriri, Seu Lourival, daga garin Juiz de Fora ya taho a motar haya. Ƙananan amfilifaya yake haɗawa a bayan gidansa, masu kwalabe irin na tsohuwar rediyo, kuma wannan ne karon farko da ya samu ɗaki a baje kolin. Ranar Juma'a da safe ya shigo gaisuwa da alewar gwaba a hannu.

Ya ce, "Dona Zuleide, ga tsarabar ƙauye. Ni ne na bayan bangonku, ku ji tausayina. Nawa lasifikan in suka tsaya kusa da naku, sai a ce jikokinsu ne."

Ta yi dariya ta karɓa. Fabrício ya ce, "Ba damuwa, Kawu. Rabin farko namu, na biyu naka." Suka tafa, aka wuni lafiya.

Ranar Asabar mutane suka cika otal ɗin. Labarin tsofaffin lasifikan ya zagaya hawa-hawa, har layi aka yi a ƙofa. Fabrício yana tsaye a gaba da sabuwar riga, yana bayani, yana sa faifai. Duk sanda ganga ta buga, mutane su dafe ƙirji su dubi juna. Ana tafa masa, ana ɗaukar hotonsa.

Yaron nan bai taɓa samun irin wannan ba. Shekarunsa talatin da 'yan kai, sai canja aiki yake yi, dangi na yi da shi a bayan ido. Uwar tana gefe da filas ɗin kofi, tana kallonsa, zuciyarta fari ƙal.

Lokacin maƙwabci ya yi, Fabrício ya dubi layin da ke ƙofa, ya sa wani faifan. Da awa ta zagayo ya sake yin haka. Amfilifayar uban tun safe ba a kashe ta ba.

Wajen tsakar rana Seu Lourival ya leƙo, ya jira waƙa ta ƙare sannan ya matso.

"Ɗana, na yi shiru sau biyu, na ce kasuwa ce ta buɗe maka. Amma yanzu wani mai babban kanti daga birnin Curitiba zai zauna ya saurari kayana. Shi na zo nema a garin nan. Wannan rabin awar kaɗai nake roƙo."

Fabrício ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Kawu, in akwatunanka ba su da murya, laifin nawa ne? Ka ce wa baƙon naka ya shigo nan ya ji sauti, in ya gama sai ya je wajenka ya huta."

Wasu suka yi dariya. Dattijon ya juya wajen uwar.

"Dona Zuleide, ko za ki sa baki?"

Ta dubi ɗanta, ta ga yadda fuskarsa ke walƙiya a gaban jama'a. Sai ta sunkuyar da kai tana murɗa murfin filas.

"Ni ban san kan waɗannan abubuwa ba, Seu Lourival. Kofi kawai nake zubawa."

Ya ɗan tsaya yana kallonta, ya gyaɗa kai, ya fita.

Kofin ya ƙi zubuwa daidai daga nan. Har ta ɓata wa wani baƙo wando. Ta ce za ta ɗebo ruwa, ta fita baranda. Ƙofar maƙwabcin a buɗe take kaɗan.

Mai kantin yana zaune a kujerar tsakiya, ya karkata kai yana ƙoƙarin jin wata siririyar sarewa. Hoton da ke rataye a bango sai kaɗawa yake, kofin gilashi na tafiya da kansa a kan tebur. Seu Lourival ya ɗaga allurar faifai ya mayar da waƙar farko. Ya sake ɗagawa. A na uku baƙon ya miƙe, ya ba shi hannu.

"Wata rana, maigida. Yau ban ji komai ba sai maƙwabcinka."

Ya wuce ta gaban Dona Zuleide. Ta manne da bango kamar mai laifin da aka kama, bangon kuwa yana bugun bayanta.

Ita ce ta fara jin warin da ta koma. Irin warin da ake ji in an manta dutsen guga a kan riga. Kafin ta buɗe baki sauti ya shaƙe, hayaƙi ya taso daga bayan amfilifayar, ɗaki ya yi tsit. Wani mai gyara da ke cikin baƙi ya leƙa, ya shinshina, ya ce taransifomar cikinta ce ta ƙone, ba aikin yau ba ne.

Saura kaɗan abokan marigayi su fara isowa.

Fabrício ya bi ɗakuna yana neman aro. Manyan kamfanoni suka ce kayansu ba sa fita. Ƙananan kuwa labari ya riga ya kai musu. Wani ya ce masa, "Kai ne mai gangar hawa na huɗu? Ai mun ɗauka ba ka buƙatar kowa." Ya dawo rigarsa sharkaf da gumi, ya zauna a ƙasa kusa da lasifikan ubansa.

Tsofaffin suka fara shigowa ɗaya bayan ɗaya. Shugabansu Seu Mitsuo ya zo da sanda a hannu ɗaya, faifan da marigayin ya fi so a ɗaya hannun. Ya sumbaci Dona Zuleide a kumatu ya ce, "Yau za mu ji muryar Aristides." 

Ƙofa ɗaya ce ta rage ba a buga ba. Ta dubi ɗanta, ya kau da kai. Sai ta goge hannu a siket ta fita.

Seu Lourival yana zaune shi kaɗai yana cin biskit. Da ya gan ta ya miƙe.

"Na ji shiru, na ce ko lokacina ne ya iso a makare."

Ta so ta yi murmushi, bakinta ya ƙi. "Amfilifayarmu ta ƙone. Abokan mijina sun taru. Ban zo da bakin roƙo ba, don ba ni da shi. Abin da na ce maka ɗazu ƙarya ne. Na san al'adar sarai."

"Na san kin sani," in ji shi. "Shekarun baya na zo kallo, ko kuɗin abinci ba ni da shi. Na shiga ɗakinku daidai lokacin maƙwabci, an kashe komai. Ke kika zuba mini kofi, kika ƙara mini burodi biyu."

Ta ji kamar ƙasa ta buɗe ta shige. Ta juya za ta tafi.

"Ina za ki? Riƙe mini wayoyin nan."

Guda ɗaya ce amfilifayar da ya zo da ita mai aiki, sauran kwanson nuni ne. In ta fita, ɗakinsa ya rufe ke nan, kuma yammacin Asabar ne lokacin da jama'a suka fi yawa. Ta gaya masa haka.

Ya ce, "Wanda na zo dominsa ya riga ya tafi. Muje kafin tsofaffin nan su yi barci a kujera."

Ya rungumo ta da tawul saboda zafi, ya kulle ƙofarsa. Da suka shiga, Fabrício ya miƙe zumbur.

"Durƙusa ka miƙo mini jar waya da baƙa, ɗana. Gwiwata ba ta lanƙwasuwa."

Fabrício ya durƙusa. Har aka gama haɗawa bai ɗago ido ba.

Aka sa faifan. Wata tsohuwar waƙar jita da sarewa ce, ta fito a hankali ta cika ɗakin, kamar masu kiɗan suna zaune a kusurwa. Ba wanda ya yi tari. Wani tsoho ya cire tabarau yana goge ido. Dona Zuleide ta ga falon gidanta da safiyar Lahadi, mijinta da singileti yana kaɗa ƙafa.

Da waƙar ta ƙare Seu Mitsuo ya dogara sanda ya tashi.

"Aristides ya iya katako, kowa ya sani. Amma ba don katako muka taru ba. Shekara da shekaru bai taɓa cin minti ɗaya na maƙwabci ba. Yau kuma na ga ya bar magaji. Ku duba, maƙwabci da kansa ya rufe ɗakinsa ya kawo kayansa. Ba a yi wa mutum haka sai ya iya zama da mutane. Zuleide, kin yi tarbiyya."

Aka tafa. Seu Lourival yana jingine da ƙofa, yana tafawa tare da su.

Wannan tafin ya fi zagi zafi. Dona Zuleide ta ƙura wa takalminta ido, kunnuwanta na ƙuna. Sai ta ji muryar ɗanta, a dishe.

"Seu Mitsuo, ku daina. Ba haka aka yi ba."

Ya faɗi komai. Yadda ya cinye lokacin dattijon, abin da ya gaya masa a gaban mutane, da baƙon da ya tafi bai ji komai ba. Ya ce amfilifayar ubansa ma shi ya ƙona ta, don bai bar ta ta huta ba. Bai ambaci uwarsa ba.

Ita ta ambaci kanta. "Ni ma ya roƙe ni in sa baki. Na ce ban sani ba."

Ɗakin ya yi nauyi. Seu Mitsuo ya koma ya zauna a hankali, yana kallon sandarsa. Dattijon da ke bakin ƙofa ne ya katse shirun.

"To, kun gama? Kwalabena na cin wuta a banza. A juya faifan nan, mutumin da muka zo dominsa bai yi wa kowa laifi ba."

Aka juya faifai. Aka saurara har ƙarshe, aka yi wa marigayi addu'a, aka watse ba hayaniya. Wasu sun yi wa Fabrício sallama, wasu sun wuce shi.

Ranar Lahadi lasifikan Aristides ba su yi ko tari ba. Fabrício ya wuni a ƙofar maƙwabci yana shigar da mutane, uwarsa na zuba musu kofi a can. An saurara, an yaba. Amma mai kantin Curitiba bai dawo ba. Fabrício ya nemo lambarsa ya kira, aka ce ya riga ya hau jirgi.

Da yamma suka kai Seu Lourival tasha, Fabrício na ɗauke da akwatunansa.  A hanyar komawa gida, da suka tsaya a danja, Fabrício ya yi magana, idonsa a kan titi.

"Mama, me ya sa ba ki tsawata mini ba? Da Baba ne, da kallo ɗaya ya isa."

Ta daɗe tana murza bakin jakarta.

"Ban taɓa ganin ana tafa maka ba, ɗana. Na ji daɗi, na kasa hana ka."

Danja ta ba da hannu, na baya suka yi ta hon, shi kuwa bai motsa ba.

Darasi: In Allah ya ɗaga muryarka, ka tuna akwai mutum a bayan bango, kuma wataƙila damarsa ke nan guda ɗaya. Mu kuma iyaye, mu ji tsoron shirun da muke yi don kada mu ɓata wa 'ya'yanmu rai a ranar farin cikinsu, domin kunyar da ke biyo baya tare muke shan ta, wanda aka zalunta kuma ba lallai ya samu abin da ya rasa ba. Ku tura wa wata uwa ko wani uba, ko da mutum ɗaya ne zai buɗe baki a kan lokaci.