A Goge Ta

Ku matso kusa. Yau ku ne alƙalai, ni nawa ba da labari ne kawai.

Malam Tukur mai buga takardu a Tudun Wada ya rasu ya bar tsohuwar kwamfuta, irin mai allo da ƙatuwar ƙeya. Shekara goma sha biyu tana ɗakin shirgi. 'Ya'yansa uku, Shitu da Balaraba da autansu Nafi'u, a gabanta suka yi ƙuruciya, suna wasan tseren mota da zarar uban ya tafi masallaci. Yanzu duk sun zama iyaye, amma wata rana hira ta kai su ga wasan nan, suka ce sai sun tayar da ita sun sake bugawa.

Shitu ne babba, shi ya shiga wurin mahaifiyarsu neman izini. Inna ta yi magana idonta a kan tabarma: "Malam ya taɓa ɗaukar muryarsa a ciki, ya ce tawa ce. Ban taɓa saurara ba. In ta tashi ina so in ji. A goge mata ƙura da kyau." Ba don Shitu ba, da kwamfutar ba ta fito daga ɗakin nan ba. Amma ya fito kamar ya nutse. Uwa ta nuna masa tana kewar mijinta, da wane baki zai maimaita wa ƙannensa? Sai ya haɗiye zancen murya, ya ce wa Balaraba Inna ta yarda, ta ce a goge mata ƙura.

Da aka buɗe cikin kwamfutar, ɓera ya gama da wayoyi, rabin kayan sun mutu, irin waɗanda aka daina sayarwa tun tuni. Balaraba ce ta bi 'yan gwangwan daga Zariya har Kano, Asabar uku tana tonon tarkace, sai da ta samo kowane abu har da fanka. Ba don ita ba, da akwati kawai suke da shi. Sai dai Balaraba ba ta iya jiran magana ta ƙare, ko da tata ce. Tana cikin mota ta kira Nafi'u ta ce kaya na tafe, kuma Inna ta ce a goge ta tas. Ƙura ta faɗi a hanya, "tas" kuwa ita ta ƙara daga aljihunta.

Nafi'u shi ne mai gyara. Kwana uku yana liƙi da dalma, har allon ya kawo haske. Ba don shi ba, da tarkacen yana nan tarkace. Da ya duba faifan ajiyar, sai ya ga wani abu guda mai suna Saudatu, sunan yanka na Inna, wanda ko ɗayansu bai taɓa furtawa ba. In ya buɗe, rashin kunya ne. In ya tambaye ta, ya fi muni. Ya ce a ransa ashe wannan ne take so a kawar kada 'ya'ya su gani, domin a sana'arsa ma'anar "goge" ɗaya ce tak. Ya goge, ya cika faifan da wasanni har ba mai iya dawo da komai.

Ranar Asabar da hantsi suka hallara, manya da su suna ihu a kan motoci kamar ba su da 'ya'ya. Can sai ga Inna ta shigo da sabon mayafi, har da turare. Ta zauna, ta gyara zama, ta ce, "Alhamdu lillahi, ta tashi. Shitu, sa mini."

A nan ne Shitu ya faɗi, murya ƙasa-ƙasa, abin da ya ɓoye. Nafi'u ya dubi Balaraba, Balaraba ta dubi ƙasa. Inna ba ta ji abin da suke cewa ba, ƙarar motoci ta hana. Tana nan tana murmushi, tana jira. Wallahi ni da nake ba ku labarin ma kunya nake ji.

To, tsakanin wanda ya ɓoye magana, da wadda ta gutsure ta, da wanda ya goge bai tambaya ba, wane ne ya kamata ya ɗaga kai ya faɗa mata?