Kujerar da Inna Ta Bari

Akwai wani saurayi da abokan aikinsa suka laƙaba wa Zumuɗi, har sunansa na gaskiya ya ɓace a bakin mutane. Aikin sa-kai yake yi da wata ƙungiya mai taimakon 'yan gudun hijira. Tawagarsu ba ta rabon abinci ko barguna. Aikinsu shi ne neman waɗanda gudu ya raba da danginsu, su sake haɗa su.

A mota ɗaya suke rayuwa: shi, da shugabarsu da suke kira Yaya Babba, da Baba Direba. Daga wannan sansani su nufi wancan, su zagayo inda suka faro, su sake ɗaukar hanya. Jaka ce matashin kai. Riga a wanke ta a bokiti, a maƙale ta a tagar mota iska ta busar. Wurin kwana kuwa duk ajin makarantar da aka buɗe musu, su haɗa benci su miƙe.

Wanda ya taɓa irin wannan rayuwa ya san ta. Jiki yakan saba da jijjiga, har in an tsaya sai ka ji kamar ƙasa ce ke tafiya. Ni kaina tun da na dawo gida katifa mai laushi ta hana ni sakewa, wataƙila shi ya sa labarin nan ya ƙi fita raina.

Zumuɗi yana da kirki, wannan babu musu. Matsalarsa ɗaya, ba ya iya jira. Baba Direba yakan ce masa, "Kai da a hannunka sitiyarin nan yake, da mun isa tun kafin mu tashi."

Yaya Babba kuwa tana da ƙa'ida biyu da take nanatawa kullum. Ta farko, kada ka sa wa mai nema magana a baki, ka bar shi ya siffanta nasa da kansa. Ta biyu, kada ka ce wa kowa "an samu" sai kowane ɓangare ya ga hoton ɗan'uwansa ya gane shi.

"Mai nema kamar mai ƙishirwa ne," in ji ta. "Duk kofin da ka miƙa masa zai ce nasa ne."

"Yaya, wannan jan ƙafar ne ke sa mutane su tsufa a layi."

"Gara su tsufa da mu karya su, ƙanena."

Sai ya yi dariya ya kau da kai. A ransa yana ganin tsoro ne kawai ya yi wa Yaya yawa.

A sansanin da suke farawa akwai wata dattijuwa mai wushirya da kowa ke kira Inna Mai Shara. Ba wanda ya sa ta, amma kullum da safe tana share bakin ƙofar shiga. Da aka tambaye ta dalili, cewa ta yi daga nan ne take fara ganin duk wanda ya sauko daga mota.

Autanta take jira, wani ɗan saurayi. A bakin wata gada suka rabu ranar gudu, turereniya ta ƙwace hannunsa daga nata. Yana da tabon ƙuna a bayan hannun hagu, fitila ya taɓa yana rarrafe. Zumuɗi ya ji labarin nan har ya haddace shi, don duk zuwansu sai Inna ta tare shi.

"Ɗan nan, ka gano mini shi?"

"Saura ƙiris, Inna. Ni zan kawo miki albishir da bakina."

Inna tana da 'ya mace a wata ƙasa mai nisa, ga ta da tsohon ciki, haihuwar fari, ba kowa nata a kusa. An daɗe ana lallashin Inna ta je wurinta, tana cewa ba za ta bar Auta a baya ba. Da ƙyar ta yarda, aka ba ta kujera a motar da ke kwashe waɗanda za a sada da iyalansu. Dokar motar kuwa kowa ya san ta: wanda ya ƙi hawa, a ba na bayansa kujerar, shi ya koma ƙarshen layi. Gadonsa ma tun ana gobe tafiya ake ba wasu.

Ana gobe motar Inna za ta tashi, tawagar tana wani sansani can tsakanin duwatsu, inda waya ba ta kamawa. Yaya Babba ta shiga tantin ofis. Zumuɗi ya je famfo wanke fuska, sai ya ga wani saurayi yana tarar ruwa a jarka. A bayan hannunsa na hagu akwai tabo.

Zumuɗi ya matsa kusa da shi.

"Ɗan'uwa, wannan tabon ƙuna ne ko?"

"Ƙuna ce."

"Fitila ka taɓa kana ƙarami, ko ba haka ba?"

Saurayin ya dube shi. "Haka ne."

"Kai ne auta a gidanku? A bakin gada kuka rabu da mahaifiyarka? Tana da wushirya?"

Ruwa ya cika jarkar yana zuba a ƙafafunsu, saurayin bai kula ba. Idonsa ya kawo ƙwalla. "Eh," ya ce. "Eh. Tana raye?"

"Tana raye! Na san inda take!"

Da gudu ya isa tantin, yana haki. Yaya Babba ta saurare shi har ya gama, sannan ta yi tambaya ɗaya.

"Shi ya faɗa, ko kai ka faɗa ya amsa?"

"Haba Yaya, mene ne bambancin? Tabon fa na gani da idona!"

"Ka san yawan hannuwan da wuta ta taɓa a sansanonin nan?"

Ta je ta ɗauki hoton saurayin da kanta. Da suka shiga mota ta ce, "Saurara, Zumuɗi. Gobe Inna za ta tafi, ka bar ta ta tafi. Abokan aikinmu na can za su nuna mata hoton in ta sauka. In shi ne, akwai hanyar da za a bi a kai mata shi. In ba shi ba ne, ba ta rasa komai ba. Kada ka kira kowa."

"To," ya ce.

Da la'asar suka tsaya gidan mai. Wayarsa ta yi ƙara a aljihu, alamar sabis ya dawo. Baba Direba yana duba taya, Yaya ta tafi alwala. Zumuɗi ya zagaya bayan gini. Ya ce wa kansa ai zalunci ne uwa ta ƙetare iyaka ba ta san ɗanta na raye ba. A can ƙasan zuciyarsa kuma akwai wani abu da bai so ya duba ba: in ta tafi, wani ne zai yi mata albishir, ba shi ba.

Ya kira mai gadin sansanin su Inna. Wayar mai gadi ƙarama ce, ba ta nuna hoto. Aka kai wa Inna.

"Albishirinki, Inna! Na ga Auta da idona!"

Bai ji amsa ba, sai ƙarar tsintsiya da ta faɗi, sai salati, sai kuka.

Ya koma mota yana fito. Baba Direba ya harare shi ta madubi. "Wannan murnar fa? Ko an yi maka mata a gidan man ne?"

Washegari da hantsi wayar Yaya Babba ta yi ƙara. Jami'in sansanin Inna ne. Ta saurara, ba ta ce komai ba sai "na'am, na'am". Ta ajiye wayar a cinya.

"Baba, juya motar."

"Lafiya?"

"Inna ta ƙi hawa. Ta ce ɗanta na zuwa."

Ba ta juyo ta dubi Zumuɗi ba. Da ta zage shi ma da ya fi masa sauƙi. Duk tsawon hanyar ba wanda ya kunna rediyo. Zumuɗi yana kujerar baya yana maimaitawa a ransa: shi ne, wallahi shi ne.

Sun tarar da Inna a barandar ɗakin taro, zaune kan ƙunshin kayanta, don gadonta ya riga ya zama na wata mai goyo. Tana sanye da tufafin da ta adana don tafiya. Bakin ƙofa kuwa an share shi tas har ba tsinke.

Ta miƙe. Ba Zumuɗi take kallo ba, bayansa take leƙe, tana jiran wani ya sauko.

"Ina yake? Ko kunya yake ji? Ka ce masa ban yi fushi ba."

Yaya Babba ta miƙa wa Zumuɗi wayar mai hoton. "Kai ka fara, kai za ka ƙarasa."

Ya durƙusa gaban Inna, ya miƙa mata. Ta karɓi wayar da hannu biyu, ta kawo ta kusa da ido, ta nesanta ta, ta goge gilashin da gefen mayafinta. Ta daɗe tana kallo.

"Yaro mai kyau," ta ce a hankali. "Allah ya sada shi da uwarsa. Ɗan wata ne."

"Inna, ki duba hannun, tabon..."

"Ɗan nan, ni na goye shi. Ko ƙeyarsa ka nuna mini zan gane."

Ta mayar masa da wayar, ta koma kan ƙunshinta. Ba ta yi kuka ba, kuma wannan ne ya fi tsorata kowa.

"Jiya da dare na yafe wa gadar nan," ta ce. "Na ce ashe aronsa kawai ta yi. Yau ka sa ta sake ƙwace shi. Ita kuma 'yata tana can tana jiran mota, me zan ce mata?"

Zumuɗi ya sunkuyar da kai.

Yaya Babba ta roƙi jami'in ya sa Inna a mota ta gaba, sai ya nuna mata layin mutanen da ke jira, wasu da sanda, wasu da jarirai. Wa za a cire? Ta haƙura, don ta san gaskiyarsa.

Saura saurayin famfo. Da zagaye ya kai su can, Zumuɗi ya same shi a inda ya bar shi. Kafin ya gama kame-kame, saurayin ya tare shi.

"Na sani tun ranar. Tawa uwar ba ta da wushirya. Tabon nan ma ba fitila ba ce, rufin ɗakinmu ne ya faɗo da wuta."

"To me ya sa ka ce eh?"

"Ka zo kana cewa akwai wata uwa da ke neman ɗa. Tun da na zo nan ba wanda ya neme ni." Ya ɗauki jarkarsa. "Ka gaishe ta."

Da suka zagayo sansanin Inna, Zumuɗi ya sauke jakarsa daga mota. Ya ce wa Yaya Babba ba zai ƙara hawa ba sai ranar da Inna ta hau tata. Ta dube shi, ta gyaɗa kai.

Mutumin da bai taɓa iya zama wuri ɗaya ba ya zama ɗan layi. Kullum da safe ya tsaya wa Inna a bakin ofis, a ce a dawo gobe, ya dawo. Ya samo mata lungu a ɗakin wasu mata, ya ɗebo mata ruwa. Makonnin farko ba ta amsa gaisuwarsa. Ta daina sharar bakin ƙofa, sai shi ya ɗauki tsintsiyar.

Yana nan tsaye ranar da aka kira wayar mai gadi. 'Yar Inna ta haihu, ta sha wuya, baƙi ne suka riƙe mata hannu. Inna ta manna wayar a kunne tana sauraron kukan jikan da ya kamata a ce ita ta fara yi wa wanka. Zumuɗi ya so ƙasa ta tsage ya shige, amma bai gudu ba. Ya tsaya har ta gama, ya karɓi wayar ya mayar wa mai ita.

Duk lokacin da motar tawagar ta biyo, Baba Direba sai ya danna hon. "Zumuɗi, shigo mu tafi, kujerarka ta yi ƙura!"

"Ku gaida hanya, Baba."

"Ikon Allah! Yau ga guguwa ta yi saiwa."

Damina ta zo ta wuce kafin sunan Inna ya sake fitowa. Jikan da ta so tarba har ya fara zama. Zumuɗi ya ɗaukar mata ƙunshi zuwa bakin mota. Ta sa ƙafa ɗaya a matakala, sai ta juyo ta kama hannun rigarsa.

"Ɗan nan, za ka ci gaba da nema?"

"Zan ci gaba, Inna."

"To in ka gan shi, kada ka yi mini albishir. Ka nuna mini fuskarsa ka yi shiru. Ni zan faɗa maka."

Motar ta tashi. Ya tsaya har ƙurarta ta kwanta, sannan ya jingine tsintsiyar a jikin bango, ya zauna jiran Baba Direba. Har yau ba a ga Auta ba. Zumuɗi yana kan hanya, kuma an ce in ya zauna gaban mai nema, tambayarsa ɗaya ce: "Faɗa mini yadda yake." Daga nan ya kama bakinsa.

Darasi: Kyakkyawar niyya ba ta isa ba in babu haƙuri. Kada ka miƙa wa mai rauni fatan da ba ka tabbatar ba don kawai kana son a ji daɗi ta bakinka, domin kai za ka ce ka yi kuskure, shi kuwa zai sake yin rashi. Ka tabbatar kafin ka faɗa. Ku tura wa 'yan'uwa su karanta, musamman masu saurin yaɗa labari kafin su bincika.